Hoton Manu a Jirgin Fiton Yeji

A Lome Sabo ya bar mu. Cikin mutunci ya yi mana sallama, ya ajiye jakarsa a tsakanin ƙafafuna ya ce mu kula masa da ita, zai je ya ga mutumin da zai buga mana hatimin shiga Gana. Ya karɓi kuɗin da ke lalitar Manu, ya saɓa kan keken ɗinkina a kafaɗa, wai in ba a rubuta shi a takarda tun daga nan ba, ma'aikatan iyaka za su ƙwace. Muka zauna a gindin wata bishiyar kwakwa muna kallon teku, har inuwar ta bar mu ta koma bayanmu.

Ni Isyaku ne, tela daga Ɗansoshiya a ƙasar Kiru. A lokacin na bar matata da jariri a gidan mahaifina. Manu kuwa Bafulatani ne daga wata ruga a gefen dajin Falgore, ya girme ni da 'yan shekaru. Ciwon bushiya ne ya share masa garke, ya bar shi da karsana ɗaya, ita ce ya sayar ya yi guzuri. A kasuwar Tudun Wada Sabo ya tsince mu, kowa daban. Ni ya ce mini a Kumasi ana rububin surfanin Kano. Manu ya ce masa akwai masu shanu a Gana da ke neman makiyaya, suna biya da maraƙi. Ban taɓa ganin Manu ba sai a cikin motar da ta ɗauko mu, kuma har muka wuce Ikko da Kwatano maganarmu ba ta wuce gaisuwa da miƙa buta ba.

Na so buɗe jakar tun da yamma, Manu ya hana, ya ce amana ce. Sai da gari ya waye, rana ta take, sannan shi da kansa ya zuge ta. Tsofaffin jaridu ne a ciki, da wani yagaggen zane, da takalmi sau ciki wanda dunduniyarsa ta cinye. A can ƙasa muka tarar da wata 'yar baƙar kyamara mai tsaga a gefe. Manu ya juya ta, ya sake juyawa, ya miƙo mini.

"Riƙe, Kaɗo. Ga kekenka nan."

Daga ranar sunan da yake kirana ke nan, kuma daga ranar muka zama abokan tafiya na gaske, don babu mai fuskar da zai koma gida da ita.

Wani Bazabarme mai sayar da albasa ne ya tsallakar da mu iyaka. Ya ɗora wa kowannenmu buhu a ka, ya ce mu bi bayansa kada mu kalli kowa. Da muka fita ɗaya ɓangaren ya saya mana koko da ƙosai, ya nuna mana motar Ankara, bai ko tambayi sunanmu ba.

A Ankara muka kwana a barandar wani masallacin zango, muna dako a kasuwa da rana. Hausa ta cika unguwar, amma wata iri ce, mace ma "ya zo" ake ce mata. Da farko abin yana ba ni dariya, daga baya ya koma sa ni kewar gida, don kullum ina jin harshena a bakin mutanen da ba su san inda Kiru take ba. In aka tambaye mu daga ina, muka ce Najeriya, wasu sai fuskarsu ta canza. Ba a daɗe da koro 'yan ƙasarsu daga wajenmu ba, kusan kowane gida akwai wanda ya dawo da tabarma da bokiti kawai. Wata mata mai tuwon masara mai tsami, wanda ake naɗewa a ganye, ta taɓa karɓe kwanon daga gabana bayan ta riga ta zuba. Na kai kyamarar wajen wani mai hoto ko zai saya, ya dube ta ya ce ta yara ce, ga ta a fashe, in kai wa ɗana.

Muka matsa Kumasi. Babu mai rububin surfanin kowa. Telolin zango sun fi ƙarfin aikin da ke akwai, kuma tela marar keke ɗan kallo ne. Wani dattijo Bakatsine ya riƙa barina in hau kekensa idan ya tafi sallah ko cin abinci, in yi wa mutane faci. Ni na iya zama. Manu ne bai iya ba. Mutumin da ya tashi yana bin shanu tun daga hantsi har faɗuwar rana, ka ce ya zauna a rumfa, ka kashe shi. Yakan tashi ya zaga kasuwa ya dawo, ya zauna, ya sake miƙewa. Daga baya na gane inda yake zuwa: mayanka, ya tsaya a bayan shinge yana kallon shanun da aka kawo daga arewa. A can wani mahauci ya gaya masa cewa masu garke suna hayin ruwa, wajen Salaga, kuma suna ɗaukar Fulani kiwo. Ya dawo ya ce shi gobe zai wuce. Bai ce in bi shi ba. Na dubi keken Bakatsine, na dubi Manu yana ɗaure ƙullin kayansa, na ga ba zan iya zama ni kaɗai a garin nan ba.

A bayan motar doya muka isa Yeji, inda hanya ta ƙare a bakin ruwa. Ni ruwan da na sani shi ne na Tiga, shi ma daga gaɓa. Wannan kuwa ba ka ganin ƙarshensa sai wani siririn layi can nesa. Jirgin fito ne ke tsallakar da mutane, wani faffaɗan ƙarfe mai ɗaukar manyan motoci da mutane da awaki gaba ɗaya. Tun safe gari yake a lumshe. Gajimare ya rufe sama ruf, ba rana, ba iska, ruwan kuma ya ƙi sauka. A gida in sama ta yi haka, kowa ya san abin yi, a kwashe shanya a kora dabbobi. Nan kuwa mutane ko ɗaga kai ba sa yi.

Mun yi nisa da gaɓa, mun shiga wani wuri da matattun itatuwa suka tsaya a cikin ruwa, ba ganye ba ɓawo, sai injin ya yi tari ya mutu. Ma'aikatan suka sauka ƙasa da sifanu. Aka ce yanzu za a gyara. Azahar ta yi, muka ɗebi ruwa da guga muka yi alwala, muka yi sallah a tsakanin tayoyin mota, ba a gyara ba. Jirgin yana ta juyawa a hankali, har na rasa ina ne gabas.

Manu ya shiga safa da marwa. Daga gaban jirgi zuwa baya, ya ratsa ta tsakanin motoci, ya tsallake ƙafafun mata, ya dawo. Ni kuwa na zauna a gefe. Ina tuna cewa warhaka a gida ana noman farko, mahaifina da ciwon bayansa, ni kuma ga ni a tsakiyar ruwan wata ƙasa ba keke ba sisi. Don hannuna ya sami abin yi na zaro kyamarar nan ina murɗa ta, ina neman yadda ake buɗe bayanta.

"Kada ka buɗe. Akwai fim a ciki."

Wani mutum ne a gefena, mai farin gilashi da 'yar jakar hannu, baƙi siriri, da gani ba Bahaushe ba ne. Amma Hausar da ya yi irin tamu ce, ba ta zango ba. Ya tambaye ni daga ina. Na ɗan yi jim, sannan na ce Najeriya. Ya ce wane gari. Na ce Kano. Ya ce Kano da faɗi. Da na ce ƙasar Kiru, sai ya cire gilashin ya goge, ya ce ya koyar da lissafi a wata makaranta a ƙasar Bebeji, har lokacin da aka ce 'yan Gana su tafi. Ya bar kekensa na hawa da akwatin littattafai a wajen maigidan da ya ba shi ɗaki. Na sunkuyar da kai ina jiran abin da zai biyo baya. Sai ya tambaye ni ko har yanzu ana kawo rake mai kauri kasuwar Kwanar Ɗangora, don ya yi shekaru yana kwaɗayinsa.

Ticha, kamar yadda na ji mutane suna kiransa, ya nuna mini ramin da ake leƙawa, da maɓallin da ake dannawa, da ɗan ƙarfen da ake ja da babban yatsa kafin a sake ɗauka. Ya ce wani ya riga ya ci kusan rabin fim ɗin. Ya dubi sama ya ce hasken ba shi da kyau, wataƙila su fito da duhu, wataƙila ma tsagar nan ta riga ta lalata komai.

"To amfanin me?" na ce.

"Kana da wani aikin ne yanzu?"

Na ɗaga na leƙa. Abin da na fara ɗauka shi ne wani mataccen itace da balbelu suka jeru a kansa. Na ji ƙaras, na ja ƙarfen. Na ɗauki wani bunsuru da ya hau buhun gawayi. Na ɗauki Ticha yana dariya yana kare fuska da jaka. Yaran mota da ke kwance a kan doya suka hango, suka miƙe suna gyara wuyan riga, ɗaya ya ciro matsefi daga aljihu. Wata mata mai sayar da wake da shinkafa a jirgin, mai jiki, mai suna Azumi, ta ce wallahi sai an ɗauke ta da tukunyarta, ta sake ɗaurin ɗankwali, ta riƙe ludayi kamar sandar sarauta. Kafin wani lokaci rabin jirgin ya taru a kaina. Suna tambaya yaushe za su karɓa, ina ce musu ban sani ba, ban ma san ko tana aiki ba, su kuma ba su damu ba. Wani tsoho ya ce in ɗauke shi da kyau, ba a taɓa ɗaukarsa ba. Azumi ta zuba mana abinci ni da Manu ta ƙi karɓar komai. Rabon da in ji ni mutum ne a cikin mutane tun Lome.

Manu kaɗai ya ƙi. Da na nufe shi ya kawar da kai.

"Me za a gani? Mutum ba saniya?"

Na ƙyale shi. Can ya gaji da zagaye ya zo ya jingina da ƙarfen gefen jirgi kusa da ni, malfarsa a rataye a baya. Balbelun nan suka tashi suka bi ta kanmu, ya bi su da ido, ya ce inda duk suka nufa akwai shanu. Sai ya shiga ba ni labarin garkensa, abin da bai taɓa yi ba. Ya kira su ɗaya bayan ɗaya da sunayensu na Fulatanci, wadda ke jan gaba, da wadda ba ta yarda kowa ya tatse ta sai matarsa Adama, da yadda ya riƙa jan gawarsu zuwa rami shi da wansa har suka daina binnewa. Yana magana yana kallon ruwa. Ban yi shawara da zuciyata ba, na ɗaga na danna. Ya ji ƙarar ya juyo.

Na ɗauka zai yi faɗa. Sai ya ce tunda na riga na yi, to in yi na kirki. Ya sa malfa, ya gyara riga, ya riƙe sandarsa, ya tsaya ƙyam ya haɗe fuska. Na ja ƙarfen, ya ƙi jawuwa. Ticha ya duba ya ce fim ya ƙare. Ya naɗe mini shi, ya ciro, ya ce in adana a inda ruwa ba zai taɓa ba.

Sai bayan la'asar injin ya tashi. Ruwan saman bai sauka ba har muka taka ƙasa. Ticha ya hau wata mota daban, ya ɗago mana hannu ta taga, ban sake ganinsa ba.

A kasuwar shanu ta Salaga wani mai garke ya duba hannun Manu da ƙafarsa, ya yi masa tambayoyi, ya ce ya hau bayan tarakta. Rabuwar ba ta ɗauki lokaci ba. Ya ce in na riga shi komawa in je Falgore in tambayi rugar Buba, wansa, in ce yana lafiya. Na ce to. Taraktar ta shiga wata hanyar daji, yana tsaye a baya ya riƙe malfarsa.

Ni na wuce Tamale. Na sami wani tela da ya ɗauke ni, ya ga hannuna a surfani ya daina ba ni faci. Damina biyu na yi a can, ina kwana a shago. Na tambayi Fulanin da ke shigowa kasuwa labarin Manu, babu wanda ya san shi. Da na tara abin da ya sayi tsohon kan keke, na naɗe shi a bargo na biyo ta arewa, ta Yamai da Ƙonni, na dawo gida. Ɗana da na bari a zani ya gan ni ya ɓuya a bayan uwarsa.

Sai da na shiga Kano sayen zare na kai fim ɗin wanki, ban sa rai da komai ba. Mai shagon ya miƙo mini ambulan yana ba ni haƙuri, wai wasu sun ƙone. Na tsaya a bakin titi na buɗe. Na farkon Sabo ne, zaune a kan tabarma da farar riga, ya rungume jariri, da alama ranar suna ce. Sai wasu 'yan mata biyu masu kaya iri ɗaya, sai wata tsohuwa mai kama da shi a ƙofar ɗaki. Na daɗe ina tanadin abin da zan gaya wa mutumin nan in na gan shi, ga shi a hannuna yana murmushi, na rasa ko ɗaya. Na mayar da su ƙasan ambulan.

Na jirgi kuwa sun fito kamar da magariba aka ɗauke su. Ruwa da sama launinsu ɗaya. Azumi ta fito da ludayinta, yaran mota ba kawuna, tsohon nan sai farin gemunsa. Na Manu ya karkace, amma shi ne. Rabin fuskarsa, bakinsa a ɗan buɗe yana tsakiyar magana, hannunsa ɗaya a kan ƙarfe.

Ranar da na sami sarari na hau mota zuwa Falgore, na ƙarasa da ƙafa. Buba dattijo ne dogo, ya shimfiɗa mini buzu, aka kawo nono, muka gaisa har gaisuwa ta ƙare. Tun tafiyar Manu ba su ji ɗuriyarsa ba. Dangin Adama sun zo har sau biyu suna cewa a je gaban alƙali a raba auren, ita ce take ta roƙon a ƙara mata lokaci. Na ciro hoton na miƙa masa. Ya riƙe da hannu biyu ya daɗe yana kallo.

"Yana raye?"

"Baffa, ranar da na ɗauki wannan yana raye, da ƙafarsa ya hau tarakta. Bayan nan ban sani ba."

Na isar da saƙon cewa yana lafiya, na kuma faɗi tsawon lokacin da saƙon ya yi a bakina. Hoton ya zaga hannun maza, sannan aka shiga da shi wajen mata. Ban ga Adama ba. Da aka dawo da shi Buba ya ce in faɗa masa garuruwan da muka bi. Na faɗa, ya maimaita, ya sa na sake faɗa har ya riƙe. Ya tambaya ko zan bar masa hoton. Na ce don shi na kawo.

Bayan an yi girbi Buba ya sayar da raguna ya tafi neman Manu, mutumin da bai taɓa wuce Kano ba. Yadda ya ba ni labari daga baya, a jirgin Yeji ya fara nuna hoton, Azumi ta karɓa ta ce ta tuna ranar, ta tambayi ina nata. Ita ta haɗa shi da wani direba da ya san dillalan shanun Salaga. Daga dillali zuwa dillali, daga wannan ruga zuwa waccan, har ya same shi a wata bukka a bayan wani ƙauye. Kurkunu ya kama masa ƙafafu biyu, mai garken ya sa wani a madadinsa, wasu Fulanin wurin ne ke kai masa abinci. Ya rame har Buba ya tsaya yana duban hoton yana duban mutumin da ke kwance. Manu ne ya fara kiran sunansa. Buba ya ɗauko shi suka dawo gida.

A lokacin na buɗe rumfa a kasuwar Tudun Wada. Wata ranar kasuwa ina kan keke sai na ga inuwa a bakin rumfa, aka ce, "Kaɗo." Manu ne, yana ɗingishi, ya riƙo ƙwaryar nono da Adama ta aiko. Ya zauna a benci, ya ce an nuna masa abin da na yi masa, baki a buɗe kamar mai kiran maraƙi. Muka yi dariya. Bai kai ga shan ruwan da na sa aka kawo ba ya miƙe ya leƙa waje, ya dawo ya zauna, ya sake miƙewa ya ce bari ya zaga wajen shanu.

Haka ya riƙa zuwa duk kasuwa har damina ta zo ta wuce. Yana kiwon 'yan shanun Buba, yana noma gefen ruga, ƙafafun sun warke sai tabo. Ran nan ya zo da ƙullin kaya, Adama tana tsaye daga nesa da nata a ka. Ya ce an ba shi labarin wani wuri can bayan Kamaru, ciyawa har wuya, masu garke suna neman hannu. Wannan karon ba mai kai su, da kansu za su je. Ya ce garin da za su sauka an ce babu tela ko ɗaya.

Ƙafata ta tsaya a kan keken. Ina da rumfa, ina da masu kawo ɗinki, matata tana da ciki, amma sai da na ji kamar an kira mota ta cika saura mutum ɗaya. Na ce masa ɗinkin Sallah ya yi mini yawa.

Ya gyaɗa kai, ya ba ni hannu, ya ce in yafe masa. Na raka su har tasha, na tsaya sai da motar ta ɓace a kwana. Da na dawo rumfa na tarar da mai riga yana jirana, na ba shi haƙuri na ce ya dawo kasuwa mai zuwa. Ranar ban ƙara ɗinka komai ba.